Hudu Mai Shayi da Sunan da Na Hana Shi

Ranar Laraba, 19 ga Safar 1447, daidai da 13 ga Agustan 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hudu mai shayi na bakin tashar Anka, bayan jinyar kwana tara a ɗakinsa. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai, ya bar mata ɗaya, Sahura, da 'ya'ya shida da jikoki. An yi masa sutura bayan azahar ana yayyafi. Dukkanmu na Allah ne. Shi ya riga mu komawa, mu ma muna bisa hanya.

Ni mai wannan rubutu sunana Malam Ishaq, tsohon hedimastan firamare, yanzu ina zaman fansho. Nono ɗaya muka sha da marigayin, kuma tun ranar da ya kafa teburinsa nake shan shayinsa kowace safiya in ina gari. Wanda ya ɗauki takardar nan yana jiran yabo zalla, ya yi haƙuri da ni. Yabon yana ciki, don Hudu ya cancanta. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, kuma na gaji da yi wa kaina: shekara talatin da ɗaya na yi ina zama a bencinsa ina kishi. Kasuwarsa ba ta dame ni ba, farin jininsa ma haka. Baƙinsa nake kishi, mutanen da mota ta sauke jiya-jiya.

Hudu, bari in juyo gare ka, tunda yau ba za ka katse ni da "Malam, shayinka shina hucewa" ba.

Teburinka ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce mai ginshiƙi huɗu, da benci biyu, da tukunyar ruwan zafi bisa gawayi, da gwangwanayen madara a jere, da burodi cikin akwatin gilashin da ya tsage tun zamanin soja. Masu shayi sun kai biyar a bakin tashar nan, wasu har da talabijin da janareta don masu kallon ƙwallo. Kai ko rediyonka sai ka buge ta take magana. Amma duk motar da ta sauke mutane daga Gusau ko Gummi ko Bukkuyum, wanda bai san kowa ba a garin, wurinka ƙafarsa take kawo shi, kamar an yi masa kwatance tun daga gida. Daga baya na gane da yawansu an yi musu ɗin.

Kana da idon gane baƙo tun daga nesa. Kakan ce baƙo yana rungume jakarsa a gaba, ɗan gari kuwa a baya yake rataya tasa. Da ka hango shi sai ka ajiye duk abin da ke hannunka, ko da kofina ne. Ba ka tambayarsa me zai sha. Buta kake fara miƙa masa ya wanke fuska da hannu, sannan ka tayar da wanda ke zaune a damanka, kusa da tukunya, ka zaunar da shi. Kofin farko nasa ne, mu da muka riga shi zuwa da rabin awa sai mu jira. In mace ce ta sauka, tunda ba za ta zauna cikin maza ba, kai da kanka kake raka ta gida wurin Sahura, ka bar mu muna gadin tukunya. In namiji ne, sai ka bari ya yi kurɓi biyu ko uku, jikinsa ya saki, sannan ka rage murya ka yi masa tambayar nan taka:

"Baƙo, mi Inna taka kiranka?"

Da yawa sukan faɗi sunan yanka, Abdulƙadir ko Muhammadu. Sai ka girgiza kai ka ce, "Ba na takarda nika tambaya ba. Wanda taka kira in abinci ya sauka."

Kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kuma faɗin sunan da ya zo ɗaya da na surukinta, sai ta laƙaba wa ɗan wani suna nata. Ko ba ɗan fari ba ma, da wuya ka sami uwar da ba ta da irin wannan sunan. Suna ne da ba ya bin mutum tafiya, a tsakar gida yake tsayawa. Kai kuwa sai ka sa ƙato mai gemu, wanda ya kwana biyu a bayan mota, ya sunkuyar da kai yana murmushi ya faɗa maka. Daga nan sai ka ɗaga murya: "Jama'a, ga Tanko na Funtuwa, ku gaishe shi." Dole kowa ya miƙa hannu, har da masu ciccin magani irina. A ƙarshe ka sunkuya ka raɗa masa wata magana a kunne, ya ɗago ya dubi wajenmu ya gyaɗa kai. Na sha tambayar kaina wane asiri ne wannan da mutumin da ko kofinsa bai shanye ba ya cancanta, ni ban cancanta ba. Kuma ba ka mantuwa. Mutum ya yi shekara biyar bai zo ba, ya sauko daga mota ka kira shi da sunan kamar jiya ya tafi.

Ni kuwa Malam. "Malam, barka da asuba." "Malam, a ƙara burodi?" Kowace safiya ta Allah haka ne.

Ina da wurina a ƙarshen benci, jikin ginshiƙin gabas, inda nake jingina bayana. Ban taɓa zuwa na tarar da wani a kansa ba, ko ranar kasuwa da mutane ke shan shayi a tsaye. Na ɗauka kwarjinina ne na hedimasta, har nakan ji daɗi. Daga nan nake kallonka kana shiƙa wa baƙo shayi tsakanin kofi biyu don ya huce, kana tambayarsa ko ya sami masauki, kana gaya masa wane mai babur zai hau, wane zai ƙyale. Nawa shayin kuwa kana haɗa shi ba tare da ka dube ni ba: siga cokali ɗaya, citta da yawa, madara kaɗan. Ba ka taɓa kuskure ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Na fi son ka yi kuskuren, ko don ka tambaye ni.

Na taɓa yi maka ƙorafi, na ce na duba agogo, minti ashirin da biyu ina jira. Ka ce, "Malam, kai ɗan gida na. In ka yi hushi ka san hanyar gidanku. Shi in ya yi hushi ina za shi?" Mutane suka yi dariya, na taya su, amma kwana uku ina juya maganar a raina.

Da zinari ya buɗe a ƙauyukanmu, baƙi suka yi yawa har bencin dama ya daina hutawa. Daga Katsina, daga Bauchi, daga ƙetaren iyaka, kowa da shebur ɗinsa da burinsa. A cikinsu akwai Jabiru, mutumin Ningi, wanda Innarsa ke kira Jatau saboda hasken fatarsa. Ya zo a 2009, yana aiki a wurin niƙan dutse a Dareta. Duk Juma'a yakan shigo gari ya zauna kusa da kai. Ka ajiye masa kayansa a ɗakinka. Ranar da inji ya datse masa yatsa, kai ka rufe tebur ka kai shi asibiti, Sahura ta yi sati biyu tana aika masa tuwo. Na ƙi jinin mutumin nan ba tare da ya yi mini komai ba. Har ƙasa yake gaishe ni, ina amsawa a daƙile.

Shekarar da ta biyo baya ce yara suka yi ta mutuwa a Dareta da maƙwabtanta, kafin likitoci su gano gubar dalma ce daga dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Wanda ya ga wannan shekarar ba ya son tunawa da ita. Zukata suka yi zafi, aka fara cewa baƙi ne suka jawo mana masifa. Masu shayi biyu suka daina ba su wurin zama. Mu tsofaffin teburinka muka yi shawara, aka wakilta ni, ni mai iya magana, in gaya maka ka rage sakin fuska ga masu haƙa, in ba haka ba mu koma wani teburin. Na tsara maganar da kyau, na kawo maslahar gari, na kawo lafiyar jama'a. Allah Ya sani, kai ma ina jin ka sani, ba yaran Dareta ne kaɗai a zuciyata ba a ranar. Gani na yi dama ta samu in raba ka da su.

Ka saurare ni har na gama kana goge kofi. Sannan ka ce, "Malam, dutsen nan namu sun niƙa, nasu sun niƙa. Jatau kabari huɗu ya gina jiya, da hannun da babu yatsa. In ya zaka gobe, in ce mishi mi?" Abin da ka yi kawai shi ne ka sayi babbar randa da sabulu, ka kafa doka duk wanda ya fito wurin dutse ya kakkaɓe rigarsa can nesa, ya wanke hannu da fuska sosai kafin ya zauna. Dokar ta hau kan ɗan gari kamar yadda ta hau kan baƙo. Mutum uku suka bar teburinka. Ni na yi kwana biyu ina shan wani ruwan bunu mai ɗaci a teburin maƙwabcinka, rana ta uku na dawo. Wurina yana nan babu kowa. Ka ce, "Malam, barka da asuba," ba ka ƙara komai ba.

A shekarun baya-bayan nan da tsoro ya shigo ƙasarmu, baƙo ya zama abin zargi, kowa yana kallon fuskar da bai sani ba da ido biyu. Wata safiya 'yan sintirin unguwa suka riƙe wani mutum a bakin tasha don babu wanda ya san shi. Mutane suka fara taruwa, kuma kowa ya san yadda irin wannan taron yake ƙarewa. Ka bar tukunya a wuta ka ratsa su, ka dubi mutumin ka ce, "Wanga ai Bawa na, ɗan Inna Zulai ta Ƙaura. Shekara huɗu da suka wuce ya sha shayi nan, ba shi shan madara." Mutumin ya fashe da kuka. Aka buga waya garinsu aka tabbatar, aka sake shi, ka jawo shi ka zaunar a dama. Na yi alfahari da kai a ranar har na rasa inda zan sa kaina. Da na koma gida kuma sai na zauna ina ƙunci, wai har ka san wanda ba ya shan madara a Ƙaura.

Yanzu sai in faɗi abin da nake ta zagayewa tun farkon takardar nan. Ni ma ina da nawa sunan, kuma babu wanda ya fi ka saninsa.

Mahaifiyarka ta rasu kana da kwana goma sha ɗaya. Gidanku da namu katanga ɗaya, ni kuma ina da wata uku, sai mahaifiyata, Inna Fatsuma, ta ɗauke ka ta haɗa mu a ƙirjinta. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana aka sa mini, don haka ta kowace fuska bakinta ba zai furta Ishaq ba. An haife ni ana maka ruwa kamar ba za a daina ba, sai ta kira ni Makau. Kai kuwa sunanka take faɗi kai tsaye, don ba ita ta haife ka ba, babu kunya tsakaninku. Na tuna kana ɗan shekara bakwai ka tambaye ta me ya sa kai ba ka da suna na biyu, ta yi dariya ta ce naka ya ishe ka. Ban san ka riƙe abin ba sai da na girma na ji irin tambayar da kake yi wa baƙi. In ta dama fura, kai take fara miƙa wa ludayi, ta ce da ni, "Makau, bari ɗan'uwanka shi fara." Ina jin tun a gindin wannan ƙwaryar kishina ya tsiro.

Daga bakinta ka ɗauki sunan. Makau a makarantar allo, Makau a gona, Makau a bakin gulbi. Aka kai ni boko, kai aka bar ka a kasuwa. Na je kwalejin horon malamai na dawo da takalmi sau-ciki da biro a aljihu, ba ka canza ba, ni ma a lokacin ban ga laifinsa ba.

A 1994 aka ba ni hedimasta. Sati na biyu sai ga wani jami'in duba makarantu daga Sakkwato, lokacin ba a yanke mana jiha ba. Na so in burge shi, na ce bari in kai shi ya sha shayin da babu irinsa. Tun muna tsallaka titi ka hango mu, ka ɗaga ludayi sama ka ƙwala kira: "Makau! Makau na Inna, yau kai ka kawo baƙo!" Jami'in ya yi dariya ya maimaita sunan, har da muka koma ofis ya sake maimaita shi a gaban malamaina. Ba da mugunta ya yi ba, yanzu na sani. Amma da yamma na dawo na same ka cikin mutane, na ce maka ni ba yaro ba ne, shugaban makaranta ne, kada ka kuskura ka sake kirana da sunan nan. Na ƙara da wata kalma game da masu sayar da ruwan zafi, wadda hannuna ba zai rubuta ba. Ka dube ni, ka ajiye ludayin, ka ce, "To, Malam."

Shi ke nan. Na koyar da ɗaruruwan yara, ban taɓa samun wanda ya riƙe umarnina kamar yadda ka riƙe wannan ba.

Da farko na ji daɗi. Sai Inna ta rasu a 1999. Ƙannenta biyu da ke kirana da sunan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Matata Malam take cewa, 'ya'yana Baba, ɗalibaina Hedimasta har bayan na ajiye aiki. Aka wayi gari duk faɗin duniya mutum ɗaya ne ya rage da sunan a bakinsa, ni kuma na datse bakin da kwaɗo da hannuna. Sai in zauna jikin ginshiƙi ina jin kana rabon sunaye: Ɗan'auta, Tanko, Bawa, Jatau. Kowane ɗan ci-rani yana jin muryar Innarsa daga bakinka, ban da ɗan Innar da ta shayar da kai.

Na yi dabara, ba zan ɓoye ba. Da aka mayar da ni Nasarawa Burkullu, na kwashe iyalina, na yi shekara biyu da wata huɗu ban taka bakin tasha ba, da gangan. In wata lalura ta kawo ni Anka, ta bayan kasuwa nake bi. Na ce a raina in na dawo ai na zama baƙo, dole a yi mini tambayar da ake yi wa baƙi. Ranar da na dawo na sauko daga mota, ni da furfurata, na rungume jaka a gaba kamar yadda ka ce suna yi. Ka hango ni, fuskarka ta washe, bakinka ya buɗe, wallahi na ga sunan ya zo har kan harshenka. Sai ka haɗiye shi ka ce, "Malam, an dawo lahiya?" Ka nuna mini ginshiƙina. A ranar wani mai sayen albasa daga Gummi ne a damanka. Nomau Innarsa take kiransa. Har yau ban manta ba, kuma har yau ba na son mutumin.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka buɗe baki ka janye maganarka? Na tambayi kaina wannan ba sau ɗaya ba. A gaban mutane na hana, sai nake ganin a gaban mutane ya kamata in janye, girman kai kuma bai bar ni ba. Sannan na so ya fito daga gare ka ba tare da na roƙa ba, tunda su ma ba roƙa suke yi ba. Kai ma, Hudu, Allah Ya gafarta maka, kana da naka taurin kan. Ka san ina so. Mutumin da ke gane baƙo daga riƙon jaka ba zai kasa gane abin da ke fuskata shekara talatin ba.

Ciwon ya kama ka kana tsaye a bakin tukunya. Kullum ina zuwa duba ka bayan la'asar, kullum da niyya ɗaya, kullum kuma in tarar da ɗakin cike. Masu haƙa da ƙurar dutse a gashinsu, direbobi, Fulanin da ke kawo maka madarar shanu, har wani da ya taso daga Bukkuyum a babur cikin laka. Kana kwance muryarka ta dushe, amma kana kiransu ɗaya-ɗaya da sunayensu, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran layi kamar yadda na saba. Ranar Talata aka yi ruwa mai ƙarfi, ya tsare masu dubiya a gidajensu. Sahura ta shiga madafa, muka rage mu biyu. Na matso na ce, "Hudu." Ka buɗe ido ka ce, "Na'am, Malam." Ka jira. Na san jira kake yi, don ba ka ɗauke idonka daga kaina ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka sha maganin rana?" Ka ce ka sha. Na ce to Allah Ya ƙara sauƙi, sai gobe. Goben ita ce Larabar.

Ranar uku muna zaune a ƙofar gidanka bisa tabarmi ana karɓar gaisuwa, ni a gaba a matsayin ɗan'uwa. Sai ga Jabiru. Ya bar ƙasarmu shekara takwas, ya koma Ningi yana noma, labari ya same shi ya kwana a hanya. Gemunsa ya fara fari. Ya durƙusa a gabana, ya kama hannuna da hannun nan mai yatsa huɗu, yana kuka, ya ce:

"Baba Makau, ya haƙuri?"

Maimakon in ce da godiya, sai na ji bakina ya ce, "Na'am." Shekara nawa rabon da in amsa wannan kiran, amma ko tunani ban yi ba.

Shi ya fara tsorata. Ya toshe baki ya ce in yafe masa, suɓutar baki ce. Na tambaye shi a ina ya ji sunan. Ya dubi sauran masu haƙan da ke zaune, gaba ɗaya suka sunkuyar da kai.

"Ai duk mun sani, Baba," in ji shi. "Ranar da mutum ya fara zuwa, in ya faɗi nasa sunan, sai Baba Hudu ya raɗa masa a kunne ya ce, ko'ina ka zauna ban da jikin ginshiƙin can, wurin Makau ne, ɗan Innata. Amma in kun haɗu ka ce masa Malam, ba ya so."

Ashe asirin ke nan. Ashe ba kwarjinina ne ya tsare mini benci ba. Shekara talatin da ɗaya kana faɗin sunan kusan kowace safiya, taku huɗu daga inda nake zaune, cikin kunnen mutanen da nake harara. Da na shiga ciki na gaishe da Sahura na ba ta labari, sai ta ce a gida ma ba ka da wani Malam. In na yi sallama sai ka ce mata, "Makau na, miƙo tabarma," sannan ka fito zaure ka ce, "Malam, bismilla."

Ya kamata in ce kishina ya mutu a kan wannan tabarmar, kuma waɗanda na ba labarin haka suke so in ce. Bai mutu ba, Hudu, ƙaruwa ya yi. Mutumin Ningi ya ji, mai albasan Gummi ya ji, ɗaruruwan da ban ma san fuskarsu ba sun ji yadda sunan yake fita daga bakinka, da irin jan muryar da ka ɗauko wurin Inna. Ni kaɗai, mai sunan, ban ji ba. Kuma ba ni da wanda zan kai ƙara, don ni na yanke hukuncin.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Hudu, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yau shi ne baƙo. Ka tarbe shi fiye da yadda ya tarbi bayinKa a bakin tasha, Ka zaunar da shi cikin mutanen dama, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun kafin ya tambaya. Ka haɗa shi da Inna Fatsuma, Ka haɗa shi da mahaifiyar da bai sani ba, ya ji sunan da ta so ta kira shi. Ka ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sahura, wadda ta dafa wa baƙin da ba ta taɓa ganin garinsu ba, da babban ɗansa Dikko da ƙannensa, da jikoki, da mutanen tashar Anka gaba ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare muku bayansa. Ku kuma baƙinsa, na nesa da na kusa, ku ma ina yi muku ta'aziyya. Da ƙyar na rubuta wannan layin, amma uba kuka rasa, kuma na harare ku ba da haƙƙinku ba. Ku yafe mini.

Hudu, a gaban mutane na hana ka, ga shi a gaban mutane na janye, bayan ba ka nan. Ka yafe mini kalmar da na faɗa maka ran nan. In Allah Ya sa mun haɗu inda muke fata, ni ne zan iso baƙo. Ba sai ka tambaye ni ba, ka riga ka sani. Kada kuma ka raɗa wa kowa a kunne. Ka ɗaga murya kawai, yadda ka yi ranar da nake tsallaka titi.

Ɗan'uwanka,
Makau na Inna